Darasi na Tara: Sassaben Zamani da Kare Muhalli

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran mai karatu zai iya:

1. bayyana abin da ke samun gona idan aka share itatuwanta;
2. ba da labarin yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka maido da itatuwa gonakinsu;
3. gyara kututture da hannunsa har ya zama bishiya;
4. lissafa yawan itatuwan da suka dace da faɗin gonarsa.

Shimfiɗa

Muhalli shi ne duk abin da ke kewaye da mu wanda rayuwarmu ta rataya a kansa: ƙasar da muke nomawa, ruwan da muke sha, iskar da muke shaƙa, da tsirrai da dabbobi. Mukan ji a rediyo cewa shugabannin duniya sun taru suna magana kan sauyin yanayi da kwararowar hamada, sai mutum ya ɗauka zance ne na manya, ba ruwan talaka. Alhali kuwa a ƙasar Hausa babu masu taɓa muhalli kullum kamar mutum uku: manomin da ke shiga gona da gatari lokacin bazara, da uwargidan da ke hura wuta safe da yamma, da makiyayin da ke sassako wa bisashensa ganye. Abin da hannun waɗannan ya yi shi ne ke gyara ƙasa ko ya kashe ta.

Wannan darasi zai koya mana wata dabara da ba ta bukatar kuɗi, ba ta bukatar ban ruwa, ba ta jiran gwamnati. Manoman kudancin Nijar, Hausawa 'yan uwanmu, su suka nuna wa duniya cewa tana aiki.

Abin da ke samun gonar da ba itace

Iska ce ke fara yi wa irin wannan gona ɓarna. Da rani, idan ba abin da zai tare ta, sai ta kwashe lallausar ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka, ta bar tsakuwa da fako. Da farkon damina kuma, gero na fitowa, sai guguwa ta taso da rairayi ta yanke shi ko ta binne shi. Shi ya sa za ka ga manomi ya yi shuka sau biyu ko sau uku a shekara guda, irinsa ya ƙare, kwanakin damina kuma suna tafiya.

Rana ma tana da nata rabon. Ƙasar da ba inuwa takan yi zafi ƙwarai, danshi ya tsere da wuri, ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye su mayar da shi taki su mutu. Idan ruwan sama ya sauka a kan ƙasa mai tauri, ba ya nutsewa. Gudu yake yi, ya haƙa kwazazzabo, ya tafi da sauran abin da iska ta bari. Ruwan da bai shiga ƙasa ba kuwa ba zai kai rijiya ba.

Daga nan sai wahalar ta shigo gida. Itacen girki ya yi nisa, mata da yara su wuni nemansa. Idan aka rasa, sai a koma ƙona kara da kashin shanu, waɗanda da an bar su a gona da sun zama taki. Kun ga ke nan rashin itace ya jawo rashin taki, rashin taki ya jawo ƙarancin hatsi, ƙarancin hatsi ya sa aka sare ragowar itatuwa aka sayar don a sayi abinci.

Yadda itatuwa suka ƙare a kudancin Nijar

Dattawan Maraɗi suna tuna lokacin da daji ya kewaye garuruwa. Abubuwa da yawa ne suka haɗu suka cinye shi. Jama'a ta ƙaru, aka daina barin gona ta huta. Noman gyada na sayarwa ya bunƙasa tun zamanin Turawan Faransa. Malaman gona na wancan lokaci suna koya wa mutane cewa manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, ko kututture bai bari ba, don garmar shanu ta wuce ba cikas.

Doka ma ta taimaka wajen ɓarnar, ko da yake don kare daji aka yi ta. Tun daga dokar daji ta 1935, hukuma ce ke da iko da itatuwa, kuma haka abin ya ci gaba bayan samun 'yancin kai a 1960. Manomi na iya shan tara a hannun ma'aikatan gandun daji don ya sare reshen bishiyar da ke tsakiyar gonarsa. To wa zai yi wahalar renon abin da ba nasa ba, wanda kuma zai iya jawo masa tara? Sai mutane suka gwammace su tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. A kan wannan hali fari ya afka wa yankin daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974, ya sake dawowa a 1984. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe, magidanta suka bazama cirani.

Gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa. An samu nasara a wasu wurare, kamar layukan darbejiya da aka fara dasawa a kwarin Majiya na jihar Tawa a 1975 don tare iska. Amma a mafi yawan wurare dashen mutuwa yake yi: ko ƙishirwa ta kashe shi, ko gara ta ci, ko awaki su cinye.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

Cikin masu wannan aikin dashe akwai wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi. Wata rana a 1983, yana kan hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi. Sai ya duba wani ɗan tsiro a bakin hanya, irin wanda kowa ke ɗauka ciyawa ce mara amfani. Da ya lura da ganyen, ya gane bishiya ce da aka sare tuntuni, kututturenta ke sake tohowa. Gonakin yankin cike suke da irinsa. Saiwoyin na nan da ransu, sun nutsa ƙasa sun kai ga danshi, kowace shekara suna fitar da tsiro, kowace shekara kuma manomi na sarewa ya ƙona lokacin sassabe.

A nan bambancin yake. Dashen da aka ɗauko daga gandun reno saiwarsa ba ta wuce tsawon hannu ba, dole a yi ta ba shi ruwa. Tsiron kututture kuwa yana da tsohuwar saiwa mai zurfi da ke ciyar da shi, shi ya sa yake girma da sauri ba tare da an zuba masa ko ɗigon ruwa ba. Abin da yake bukata kawai shi ne a rage masa 'yan uwa, a kuma ƙyale shi.

Ba baƙon abu ba ne ga kakanninmu, don sun san barin gawo da kuka a gona. Abin da ya ɓace shi ne yarda da cewa itace da hatsi na iya zama gona ɗaya. Da farko manoma kaɗan ne suka gwada, maƙwabta na yi musu dariya, ana ce musu masu ƙazamar gona. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin kowa ya bar itatuwa a gonarsa, aka raya kimanin rabin miliyan. Da rabon ya ƙare, mafi yawan mutane suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun ga geronsu bai ragu ba, ga itacen girki, ga abincin dabbobi. Gani ya kori ji. Daga nan dabarar, wadda ake kira sassaben zamani, ta riƙa yaɗuwa daga manomi zuwa manomi, a kasuwa da wurin biki da bakin masallaci. A jihar Damagaram, musamman yankunan Magarya da Matamai da Mirya, manoma da kansu suka cika gonakinsu da gawo.

Bayan shekaru, masu bincike suka gwada hotunan sama na 1975 da waɗanda tauraron ɗan Adam ya ɗauka kimanin shekara 30 bayan haka. Suka ƙiyasta cewa an maido da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, kuma hatsin da ake samu ya ƙaru da kimanin tan 500,000 a shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan biyu da rabi. Hukuma ma ta sassauta: Nijar ta yi sabuwar dokar daji a 2004, sannan a 2020 ta fitar da doka ta musamman da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena. A 2018 aka ba Tony Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. A shekarar ce kuma aka ba da irin wannan lambar ga Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ƙananan ramuka ana zuba musu taki, abin da manoman Nijar ke kira tassa.

Itatuwan da suka fi dacewa da gona

Gawo ne kan gaba, domin halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke cika da ganye, shi zubar da nasa yake yi, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe ya zama taki daidai lokacin da gero ke bukata. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, irin wanda muke saye a buhun takin zamani. Da rani sai ya yi ganye, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, suna barin kashinsu a wurin. Duk wanda ya taɓa lura da geron gindin gawo ya san ya fi na fili tsayi da kauri.

Kalgo da sabara da geza su ne suka fi yawan kututture a gonakinmu, kuma suna saurin tohowa. Suna tare iska, suna tara ƙurar da ta kwaso, suna ba da itacen girki da magani. Kuka tana ba da miya da garin 'ya'ya, kuma a yankin Mirya sayar da ganyenta sana'a ce babba ta mata. Aduwa da magarya da kanya da tsamiya da ɗorawa suna ba da 'ya'yan ci da na sayarwa. Bagaruwa ta masu jima ce, dakwara kuma ita ke ba da ƙaro. Kirya da marke suna da ƙarfi wajen gini da ƙotar fartanya. Kowane gida ya zaɓi abin da ya fi bukata, amma gara a gauraya iri-iri da a tsaya kan guda.

Yadda ake yin sassaben zamani

Kayan aikin su ne waɗanda ke gidanku: gatari, adda ko lauje, amma su kasance da kaifi sosai.

1. Ku zaga gona kafin sassabe, ku ƙirga kututturan da ke tohowa, ku gane irin kowanne.
2. Ku zaɓi waɗanda za ku raya, ku bar tazara tsakaninsu.
3. A kan kowane kututture ku zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafi tsayi, mafi miƙewa, mafi lafiya. Ku sare sauran. Ana barin fiye da ɗaya ne don a riƙa cire guda idan bukata ta taso, bishiyar kuma tana nan.
4. A jikin waɗanda kuka bari, ku cire ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu kawai. Idan aka wuce haka, tsiron zai yi rauni, iska ko akuya ta karya shi.
5. Ku riƙa sara daga ƙasa zuwa sama. Saran da ya fito daga sama yakan ɓare ɓawo ya tsaga icen, cuta da gara su samu ƙofa.
6. Ku ɗaura tsumma mai launi a jiki don kowa ya san yana da mai shi. Rassan ƙaya da kuka sare ku kewaye gindin da su saboda dabbobi.
7. Ku koma bayan wata biyu zuwa shida ku cire sabon tohon da ba ku so. Ganyen ku bar shi a ƙasa, kada ku ƙona.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: gyaran shekara biyun farko shi ke sa bishiya ta miƙe.

Ga ɗan lissafi. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Mai farawa zai iya barin itace 40 a hekta, wato tazarar kimanin mita 16 tsakanin wannan da wancan, kusan taku 20 na babban mutum. Mai rabin hekta zai bar 20, mai hekta uku zai bar 120. Idan ya ga amfanin, sai ya ƙara, don akwai manoman da ke barin fiye da haka nesa ba kusa ba.

Tambayoyin da manoma kan yi

*Inuwa ba za ta kashe mini hatsi ba?* Za ta rage shi idan aka bar bishiya ta yi duhu. Maganin shi ne sassabe rassan ƙasa gab da damina, rana ta samu shiga, ku kuma ku samu itacen girki.

*Tsuntsaye fa?* Gaskiya ne jan baki na sauka a kan itace. Amma tsuntsaye masu cin tsutsa da fara ma a nan suke sauka, haka ƙadangaru da sauran masu farautar ƙwari. Gonar da ba itace ba ta tsira daga jan baki ba, ta dai rasa masu taimakonta.

*Idan na rena wani ya sace fa?* Wannan ita ce babbar matsala, kuma mutum ɗaya ba ya maganinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙauyen Ɗan Saga na jihar Maraɗi, jama'a sun kafa kwamitin sa ido wanda ya haɗa da mata da makiyaya, suka yi ƙa'ida kan sara da tarar wanda ya karya ta. Kowane gari na iya yin haka: mai gari da liman da arɗo da shugabar mata su zauna, a yi magana a fili, a sanar a kasuwa. A sa makiyaya cikin shawara tun farko, domin 'ya'yan gawo da ganyen kalgo amfaninsu ne su ma, kuma kada a toshe musu burtali.

*Gonar aro ce ko ta haya.* A yi magana da mai gona gaban shaidu kafin a fara: wa ke da rassa, wa ke da 'ya'ya, wa ke da bishiyar. Haka kuma a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji na yanki don a san abin da doka ta ce kan itatuwan da aka hana sarewa.

Rabon cikin gida

Renon itace a gona ba zai isa ba idan murhu na cinye shi ba lissafi. Murhun duwatsu uku yana barin mafi yawan zafi ya tsere ta gefe. Murhun laka da aka gina daidai da gindin tukunya, mai ƙofa ɗaya, yana rage cin itace, yana kuma rage hayaƙin da ke cutar da ido da ƙirjin mai girki da yaron da ke bayanta. A yi amfani da busasshen ice, a rufe tukunya, a jiƙa wake kafin a ɗora, a kashe wuta da an sauke. Toka da ɓawon kayan miya da kashin dabbobi a tara su a rami su zama taki. Leda kuwa a ware ta: ba ta ruɓewa, tana toshe kwata, tana kashe akuyar da ta haɗiye ta. Matasa kuma su daina cinna wa daji wuta don farautar gafiya, domin wutar dare ɗaya na iya cinye renon shekara uku.

Daga gonarka zuwa duniya

Hayaƙin masana'antu da motoci da ƙona dazuzzuka yana tara wata iska a sama wadda ke riƙe zafin rana, shi ke kawo ɗumamar duniya da rikicewar damina. Bishiya tana zuƙar wannan iska ta adana ta a jikinta da saiwarta. Saboda haka mai renon gawo a Daura ko Tasawa yana yi wa duniya duka aiki, ko da niyyarsa cika rumbu ce.

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, mai tsawon kimanin kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. A Nijeriya shirin ya shafi jihohi 11: Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa, Bauchi, Gombe, Yobe, Borno da Adamawa. Da farko layin dashe guda aka yi niyya, amma daga baya masu shirin suka karkata ga farfaɗo da gonaki da makiyaya, kuma abin da ya faru a Nijar na cikin dalilan. Dabarar ta kai yankin Talensi a arewacin Ghana, ta kai Humbo a ƙasar Habasha, inda aka maido da daji a kan tsaunuka sama da hekta 2,700. Addini ma ya ƙarfafa mu: ya tabbata a hadisi cewa wanda ya shuka abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci yana da ladan sadaka.

Tambayoyi

1. Kawo illoli uku da ke samun gonar da ba itace.
2. Me ya sa manoman Nijar a da suke tumɓuke tsiron itace tun yana ƙarami?
3. Me ya sa tsiron kututture ya fi dashe saurin girma?
4. Ta wace hanya gawo ya bambanta da sauran itatuwa?
5. Malam Audu yana da hekta biyu da rabi. Idan zai bar itace 40 a kowace hekta, nawa zai bari gaba ɗaya?
6. Su wa ya kamata su zauna a kwamitin kare itatuwa na garinku, kuma don me?

Aikin yi

Ku kasu rukuni-rukuni, maza da mata. Kowane rukuni ya tambayi wani dattijo ko dattijuwa sunayen itatuwan da ke garin a lokacin ƙuruciyarsu, ku rubuta su, ku ja layi ƙarƙashin waɗanda suka ɓace. Sannan kowa ya je gonarsa, ko ta gidansu, ya ƙirga kututturan da ke tohowa, ya gyara biyar bisa matakan da muka koya, ya rubuta sunan kowanne da ranar da ya gyara shi a littafinsa.

'Yan uwa masu karatu, bazara na tafe, kuma kowa zai shiga gonarsa da gatari. Kafin ku sare tsiro, ku duba ganyensa ku san ko wane ne. Ku bar biyar bana, ku gwada hatsin gindinsu da na fili idan kaka ta yi, sannan ku kira maƙwabcinku ya gani da idonsa.